Ruwan wankan da ke yin wata uku ba a zubar ba

A ƙasashen sanyi, kamar Amurka, Kanada, Faransa da Ingila, wasu masu hali suna aje wani babban baho a bayan gida. Ba na wanke dauɗa ba ne. Shiga ake yi a zauna, a gasa jiki. Mutum 4 ko 6 suna iya zama ciki gaba ɗaya, ruwa ya kai musu kafaɗa. Bahon yana cin lita 1000 zuwa 2000, wato tano 5 zuwa 10, in an ƙidaya da tano mai lita 200. Wutar lantarki ce ke ɗumama ruwan. Wani inji kuma yana tura shi ta ƙananan ƙofofi, ya fito da ƙarfi yana danna ma mutum baya, kamar ana yi masa tausa.

Mutane da yawa suna ce ma bahon nan Jacuzzi. Sunan wani dangi ne na Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kaliforniya, cikin Amurka. Ɗaya daga cikinsu yana da yaro mai ciwon gaɓoɓi. Sai ya ƙera ƙaramin pampo mai motsa ruwan wanka, don yaron ya samu sauƙi a gida. A shekara 1956 suka fara sayar da pampon. A 1968 suka fito da baho mai haɗe da injinsa.

Ga inda abin yake da ban mamaki. Mai jego, in za ta yi wanka, sai a tafasa ruwa, ta yi, a zubar. Gobe a ɗebo sabo. Amma ruwan bahon nan ba a zubar da shi bayan wanka. Yana da yawa, kuma ɗumama shi yana cin kuɗi. Saboda hakanan ruwa ɗaya yana yin wata 3, ko ma 4, ana shigarsa. To, yaya ake yi bai ruɓe ba?

Ɗumi da ƙwayoyin cuta

Jikin mutum mai lafiya yana da zafin digiri 37. Ruwan bahon ana tsayar da shi tsakanin 37 da 40. Ba a yarda ya wuce 40 ba, don mutum yana iya suma ciki. Wannan ɗumi bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta ba. Shi ne ma ɗumin da suka fi so. Ga kuma abincinsu: duk wanda ya shiga yana barin zufa, da man shafawa, da sauran sabuni, da ɓarɓashin fata. In mutum 4 suka zauna cikin tano 6 na ruwa, kowa tano ɗaya da rabi ke nan. Ba tafki ba ne, balle a ce dauɗa za ta ɓace.

Cuta biyu aka fi sani. Ta farko ƙuraje ce masu ƙaiƙayi. Suna fitowa kwana kaɗan bayan wanka, galibi wurin da jiƙaƙƙen wando ya manne ma jiki. Yawanci suna warkewa da kansu.

Ta biyu tana kisa. Ciwon huhu ne da ake kira lejiyonela. Ya samu sunansa a 1976, lokacin da ya kama wasu ƴan mazan jiya da suka yi taro a birnin Filadelfiya. Ƙwayar tana hayayyafa cikin ruwa mai ɗumi. In inji ya kaɗa ruwan, ƙananan ɗigo suna tashi cikin iska, mutum ya shaƙa. Ba sai ya shiga bahon ba. A watan Fabrairu na 1999 an yi kasuwar baje furanni a wani gari na Holan mai suna Bovenkarspel. Wani ɗan kasuwa ya cika baho don ya nuna ma masu saye, inji yana aiki, babu magani cikin ruwan. Fiye da mutum 180 suka kamu, fiye da 20 suka rasu. Wucewa kawai suka yi kusa da shi.

Wannan ya nuna ido bai isa shaida ba. Ruwa yana iya zama garau, ana hangen ƙasan baho, alhali cike yake da cuta.

Mataci da kulor

Aikin farko na mataci ne. Inji yana jan ruwan ta cikinsa awa da yawa kowace rana, ko babu mai wanka. Shi ke kama gashi da ƙura da maiƙo. Ana cire shi duk mako ko mako biyu a ɗauraye, lokaci lokaci a jiƙa shi cikin magani, in ya tsufa a sake wani. Amma mataci ba ya kashe komi. Abin da ido ke gani yake tarewa.

Mai kisan shi ne kulor. Ba baƙo ba ne a Nijar, don shi ne ƙarfin da ke cikin ruwan Javel da mata ke sa ma farin tufafi. Wasu masu baho suna aiki da ɗan'uwansa, burom, wanda ya fi jure zafi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce kada kulor ya kasa garam 3 cikin lita 1000 na ruwan baho. Garam 3 bai kai nauyin ƙwayar sukari ɗaya ba. Kaɗan ne, amma dole ya kasance ciki dare da rana.

Wahalar ita ce kulor ƙarewa yake yi. Duk dauɗar da ya ci, shi ma ya ragu. Zafi yana korarsa, rana tana cinye shi. Don haka ake rufe bahon da marfi mai kauri, ake kuma ƙara magani a kai a kai. Don haka kuma ake so mutum ya yi wanka da ruwa kafin ya shiga. Mutanen Japan sun daɗe da wannan al'ada: a waje suke cuɗa jiki, su ɗauraye, sa'annan su shiga ruwan zafi.

Akwai wani kuskure da mutane da yawa ke yi. In suka ji warin Javel ya cika wuri, ido yana ja, sai su ce magani ya yi yawa. Galibi ba haka ba ne. Kulor ne da ya riga ya haɗu da zufa da fitsari ke wannan wari, kuma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Maganin abin shi ne a zuba kulor mai yawa lokaci ɗaya, a bar marfi buɗe, warin ya fita. Masu kula suna yin haka kamar sau ɗaya a mako. Ba a shiga sai awo ya nuna maganin ya sauka.

Tsami da kanwa

Nan ne gwanintar take, kuma duk macen da ke girki ta san tushenta. In miyar yakuwa ta yi tsami, sai a jefa ƴar kanwa, tsamin ya mutu. In kanwa ta yi yawa, miya ta ɓaci ta wani gefen. Tsami da kanwa kishiyoyi ne. Kowane ruwa yana tsaye wani wuri tsakaninsu, ko harshe bai ji ba.

Masana suna da ma'auni na wannan, suna rubuta shi pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne: ruwan lemun tsami yana wajen 2. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne: ruwan kanwa da ruwan toka sun wuce 9. Ruwan baho ana so ya tsaya tsakanin 7,2 da 7,8.

Don mi ake wannan tsanani? Don kulor ba ya aiki sosai cikin ruwan da ya karkata wajen kanwa. A 7,5 kusan rabin kulor ne ke da cikakken ƙarfi. A 8 sai kashi ɗaya cikin huɗu. A 8,5 kashi ɗaya cikin goma kawai. Mutum yana iya zuba magani daidai, kuɗinsa su tafi, ƙwayoyin cuta suna nan. Ban da haka, ruwan yana yin fari fari kamar an ɗiga nono. Wani farin dutse kuma yana kama tiyo da ƙarfen ɗumama ruwa, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi in ruwan rijiya yana da farar ƙasa.

In kuma ruwan ya karkata wajen tsami, sai ya riƙa cin ƙarfe da roba, ido da fata su yi zafi. Inji mai tsada ya lalace.

Ruwan baho ya fi son hawa wajen kanwa. Dalili shi ne kaɗawar da inji ke yi tana fitar da wata iska mai ɗan tsami da ke narke cikin ruwa. Sai mai baho ya zuba wani gari mai tsami ya sauko da shi. In ya sauka da yawa, sai a zuba wani farin gari ya hau. Wannan farin gari, da za a kai shi kasuwar Maradi ko ta Damagaram, ba za a ce baƙo ba ne. Gishirin da ke cikinsa shi ne ke cikin kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga. Bambancin shi ne nasu an tace shi, babu ƙasa, an san ƙarfinsa.

Akwai awo na biyu da ke tafiya tare da pH. Shi ne yawan bikarbonat, wato garin da ake sa ma fulawa ta tashi. Shi ke riƙe ruwa kada ya yi ta tsalle, yau tsami gobe kanwa. Ana so ya kai garam 80 zuwa 120 cikin lita 1000. Masu sana'ar suna fara gyara wannan, sa'annan pH, sa'annan kulor. In an fara daga ƙarshe, sai a yi ta zuba magani ba a ga amfani ba.

Awon kansa ba wuya. Wata ƴar siririyar takarda ce ake tsomawa cikin ruwa a fitar. Launinta ya sake, sai a gwada da launukan da ke jikin kwalba, a karanta lamba. Sau 2 ko 3 a mako ake yi, kuma ya fi kyau a yi kafin kowace shiga. Ba a zuba magani da yawa gaba ɗaya. A zuba kaɗan, inji ya gauraya, a jira, a sake awo.

Magungunan nan suna da haɗari. Ba a haɗa kulor da abu mai tsami, don suna fitar da iska mai ƙona huhu. Wannan gargaɗi ya shafi ruwan Javel na gida ma. Cikin ruwa ake zuba magani, ba a zuba ruwa kan magani. A aje su inda yara ba su kai. Yaro da bai kai shekara 5 ba, ba a sa shi cikin bahon. Mace mai ciki sai ta tambayi lokotoro. Wanda ya sha giya kada ya shiga.

Ranar zubarwa

Kome kula, ruwa yana tsufa. Sauran magani da gishirin zufa suna taruwa, mataci kuma ba ya iya fitar da abin da ya narke. Ruwa ya riƙa kumfa, awo ya ƙi tsayawa. To, lokacin zubarwa ya yi. Wasu masu sana'ar suna da lissafi: a raba yawan lita da 12, abin da ya fito a raba shi da yawan masu shiga a rana. Baho mai lita 1200, in an raba da 12, ya ba da 100. In mutum 2 ke shiga kullum, kwana 50 ke nan. In mutum 4 ne, kwana 25.

Kafin a zubar, ana sa wani magani ya zagaya cikin tiyo. Akwai wani santsi da ke mannewa can ciki, inda hannu ba ya kai. Ƙwayoyin cuta suna ɓuya ƙarƙashinsa, kulor bai cika samunsu ba.

Wannan santsi shi ne wanda hannu ke ji a cikin randa ko bido in an daɗe ba a wanke ba. Randa ta fi baho sauƙi, don ruwanta sanyi ne, bakinta kuma yana da faɗi, soso yana shiga. Bido ne mai wuya, sai an zuba tsakuwa masu tsabta da ruwan sabuni an girgiza. Halin kulor kuwa ɗaya ne ko'ina: dauɗa tana cinye shi. In ruwan tafki ko na rijiya ya gurɓace, sai a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sa'annan a sa magani. Kulor na ruwan sha bai kai na baho yawa ba, kuma ba kowane Javel ake sa ma ruwan sha ba: mai turare bai dace ba. Ƙarfin Javel yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka ma'aikacin lafiya na likita ne zai faɗi ɗigo nawa. Akwai kuma ƙwayoyin kulor da aka yi musamman don ruwan sha, an rubuta a jikin takardarsu lita nawa ƙwaya ɗaya ke ɗauka. Bayan an jefa, sai a rufe, a jira minti 30 kafin a sha.