Sojojin dalma na Warhammer: Yadda ake sabunta musu fenti ba tare da an lalata su ba

A Ingila akwai magidanta da ke kashe kuɗi masu kauri wajen sayen 'yan mutum-mutumin da tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Mayaƙa ne da matsafa da dodanni, waɗanda kamfanin Citadel Miniatures, da aka kafa a 1979, ya riƙa zubawa da gamin dalma da kuza. Da su ake buga Warhammer, wasan yaƙin da kamfanin Games Workshop ya fitar a 1983, inda mutum biyu ke jera runduna a kan teburi, ɗan ludo yana raba musu gardama.

Galibin samfuran wancan zamani an daina zuba su, don haka wanda ya lalace ba shi da madadi sai a kasuwar gwanjo. Su kuma kan iso hannun mai saye ne da kaurin fentin da wani yaro ya lafta musu shekaru 40 da suka wuce, har fuska ta toshe. Ba a kankare shi da wuƙa, domin dalma tana da taushi, ƙarce guda zai iya tafiya da hanci. Abin da masu sha'awar suka fi yi shi ne jiƙa su a cikin Dettol, wannan dai da ke gidajenmu, na kwana ɗaya ko biyu, sannan a goge da tsohon buroshin haƙori.

Sai fenti. Ana fara shafa na share fage, a bi da launuka, kowanne a tsinke shi da ruwa a shafa sau biyu. Daga nan a zuba mai duhu ya kwanta cikin lungunan sulke, a ɗan goga mai haske a kan tudu da buroshin da ya kusa bushewa. Mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Mazaunin da ake girke soja a kai ba ado kawai ba ne. A tsohuwar doka na mutum milimita 20 ne, na dodon Orc 25, kuma shi ke nuna mayaƙa nawa za su iya gwabzawa a sahun gaba. A da, gam ake shafawa, a barbaɗa yashi, a mulke da kore shar. Yanzu an koma ga duwatsu da ciyawar roba, amma a ganina koren nan ya fi dacewa da tsohon zubi.

Inda ba a wasa shi ne dalmar kanta. Wanda ya tuna yaran da gubarta ta hallaka a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani: ba a shaƙar ƙurarta yayin goga da magagari, ba a barin yaro ya kai ta baki, ana kuma wanke hannu kafin cin abinci. Ita ma tana da nata maƙiyin. Tururin asid da wasu katakai ke fitarwa yakan ci ta har ta koma farin gari, shi ya sa ake rufe fentin da banish, a adana su inda iska ke shiga.