Levittown: Unguwar Da Ta Tsufa Lokaci Guda

Tsakanin 1947 da 1951, kamfanin Levitt & Sons ya gina gidaje 17,447 a tsofaffin gonakin dankalin turawa na tsibirin Long Island, a wajen birnin New York na Amurka, unguwar da aka sa wa suna Levittown. Yawancin waɗanda suka tare sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu tare da amarensu, bayan wata doka ta 1944 ta sauƙaƙa musu samun bashin sayen gida. Kusan duk sa'o'in juna ne. A ganina, wannan kusancin shekaru shi ya tsara haihuwa da mutuwa a Levittown, fiye da kowane asibiti.

A 1957 an haifi jarirai kimanin miliyan 4.3 a Amurka, adadin haihuwar kowace mace ya kai wajen 3.7 a matsakaici. Levittown na tsakiyar wannan yayi: kekunan tura jarirai a ƙofar gidaje, ɗakunan kwana biyu sun yi kaɗan, iyaye na gyara saman gida domin yara su samu wurin kwana. Jana'iza kuwa sai jefi-jefi, don babu tsofaffin da za a binne. Wanda ya dubi alƙaluman kawai zai ɗauka wurin ne ke ƙara wa mutane lafiya.

Za a iya cewa ai sabon gida da ruwan famfo da fili sun fi cunkoson gidajen haya na Brooklyn a birnin New York. Haka ne, kuma sun taimaka. Amma maganin penisilin da allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk, wadda aka fara amfani da ita a 1955, duk ƙasar ce ta amfana da su, ba unguwa ɗaya ba. Sannan tun farko an tace masu shiga: sai mai aikin da zai biya bashi, kuma takardun gidajen sun hana baƙar fata zama. Wannan zalunci ne, ya kuma gurɓata lissafi, domin waɗanda talauci ya fi jefawa cikin ciwo ba a bar su sun shigo ba balle a ƙirga su.

Da yaran suka girma suka watse, haihuwa a ƙasar ta sauko zuwa kimanin 1.7 ga kowace mace a 1976. Mutanen Levittown sun ragu daga sama da 65,000 a 1970 zuwa kimanin 57,000 a 1980, aka rufe wasu makarantu. Iyayen da suka shigo tare suka tsufa tare, ciwon zuciya da ciwon daji suka riske su a tsakanin shekaru kaɗan, a unguwar da zuwa likita ko kanti sai da mota. Yawaitar mutuwa a irin wannan lokaci ba ta nuna lafiya ta taɓarɓare. Shi ya sa masana ƙidaya ke rarraba mamata bisa shekaru, su gwada ɗan saba'in na nan da ɗan saba'in na wani gari, kafin su ce uffan kan lafiyar unguwa.