Faɗuwar Babban Kanti da Haƙƙin Mai Ƙaramin Jari

A watan Janairu na shekarar 2020, masu bin kamfanin manyan kantuna na Nakumatt bashi suka taru a Nairobi, babban birnin Kenya, suka jefa ƙuri'a a kan a rufe shi baki ɗaya a sayar da abin da ya saura, bayan Peter Kahi, wanda kotu ta damƙa wa al'amarin kamfanin tun shekara biyu kafin nan, ya tabbatar musu babu sauran hanyar tashinsa. Wannan kuwa kamfani ne da ya faro daga shagon katifu a garin Nakuru, ya bunƙasa a hannun Atul Shah da danginsa, har ya mallaki rassa fiye da 60 a Kenya da Uganda da Tanzaniya da Ruwanda, giwa ce tambarinsa, ba kuwa wanda ya ga alfahari ya yi yawa a cikin haka. Ranar da aka yi hisabi, bashin da ke wuyansa ya kai kimanin shilin biliyan 38, kusan rabinsa, watau wajen biliyan 18, haƙƙin masu kawo masa haja ne. Rassa shida da suka rage kuwa, da aka sayar wa kamfanin kantuna na Naivas, ba su kawo ko rabin biliyan guda ba.

Jaridu sun daɗe suna lissafa asarar bankuna da ta masu gine-gine, amma ni waɗanda suka tsaya mini a rai su ne mutanen da sunansu bai isa shiga jarida ba: mai tatsar madara, da mai gasa burodi, da matan da suka haɗa kuɗin adashi suka sayi injin matse 'ya'yan itace, da manomin da ya jinginar da gonarsa don ya sayi motar kai kayan lambu birni. Kowannensu, ranar da babban kanti ya karɓi hajarsa, murna ya yi, yana ganin ƙofar arziki ta buɗe, alhali kuwa bai sani ba tun daga ranar ya zama mai ba da rance, rancen da ba shi da jingina, ba lamuni, ba kuma ajali tabbatacce.

Ga yadda abin yake. Mai kanti yakan karɓi kaya a kan sharaɗin zai biya bayan wata ɗaya ko biyu, sa'an nan ya sayar da su cikin mako guda, kuɗi hannu, gama ba wanda ke fita daga irin waɗannan kantuna da bashi; to, tsakanin ranar da kuɗin suka shiga aljihunsa da ranar da zai miƙa su ga mai su, dukiya ce zaune a hannunsa wadda bai biya ko anini don samunta ba, da ita yake buɗe sabon reshe, sabon reshen kuma ya jawo sababbin masu kawo kaya, da kuɗinsu a biya na farko. Muddin ciniki na ƙaruwa, asiri a rufe yake. Ranar da kasuwa ta ja baya, sai wata biyu ya koma huɗu, huɗu ya koma shida, mai ƙaramin jari kuwa ba ya iya ɗaga murya, domin in ya matsa a sauke hajarsa daga kanta, in kuma ya daina kawowa yana tsoron tsohon bashin ya bi ruwa. Saboda haka sai ya ci gaba da kai kaya, yana ƙara zurfafa ramin da ƙafarsa ke ciki. A shekarar 2017, lokacin da kantocin Nakumatt suka fara zama wayam, masu ƙarfi ne suka riga kowa janyewa, raunana suka tsaya har ƙarshe.

Idan aka zo rabo, dokar fatarar kamfanoni da ƙasashen renon Ingila suka gada tana jera masu bin bashi sahu-sahu. Bankin da ya riƙe jingina yana gaba, ladan masu kula da rushewar kamfanin yana fita, ma'aikata da hukumar haraji suna da nasu matsayi, sa'an nan a can ƙurya a tarar da wanda ba shi da komai sai takardar shaidar kai kaya. Abin da ya fi ciwo shi ne, jinginar banki sau da yawa takan lulluɓe dukan hajar da ke cikin kanti, har da wadda ba a biya kuɗinta ba, ta yadda za a sayar da zumar talaka a biya banki, mai zuma yana tsaye yana kallo.

Malamanmu na fiƙihu sun yi nazarin wannan mas'ala tun da daɗewa a babin taflisi, watau karayar arziki, kuma ya kamata masu tsara dokokin zamani su san abin da suka cim ma. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina, Usaifi'u, wanda ya riƙa sayen raƙuma da tsada bisa bashi domin ya riga alhazai isa, har ya tsiyace, aka kai ƙararsa ga Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya yi shela masu binsa su zo a raba musu abin da ya mallaka. Amma a kan wannan rabo na bai-ɗaya akwai togaciya wadda hadisin Abu Huraira ya tabbatar, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kanta: mai sayarwar da ya tarar da hajarsa da aininta a hannun muflisi, ba a biya shi ba, shi ya fi kowa cancantar ta. Malikawa suka ce yana da zaɓi, ko ya ɗauki kayansa ko ya shiga rabo, sai fa in sauran masu bin bashi sun yarda su biya shi kuɗinsa su riƙe kayan. Suka kuma bambanta tsakanin fatara da mutuwa, gama idan mai sayen ya rasu, mai kaya daidai yake da kowa. Shafi'awa sun ba shi haƙƙin a duka biyun, Hanafawa kuwa sun hana shi a duka biyun. Turawan Ingila sai a shekarar 1976, a shari'ar da aka sani da Romalpa, kotunsu ta ƙarfafa sharaɗin da mai sayarwa kan rubuta cewa kaya nasa ne har sai an biya, shi ma sai ga wanda ya san ya rubuta, mai madarar ƙauye kuwa ba shi da lauya.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya, wannan hukunci, duk da adalcinsa, ya rataya ne a kan kayan su wanzu da aininsu. Mai buhunan shinkafa yana iya tarar da nasa a sito. Madara kuwa an shanye, tumatir ya ruɓe ko an yi miya da shi tun watanni shida da suka wuce, abin da ya rage kawai kuɗinsu ne, su ma sun narke cikin ginin wani reshe. A nan ne na ga Amurkawa sun yi abin da ya dace a yi koyi da shi. Bayan da kamfanin American Beef Packers ya karye a 1975, ya bar makiyaya da bashin fiye da dala miliyan 20, majalisarsu ta gyara doka a 1976, ta mai da naman da kuɗin da aka sayar da shi amana a hannun mahauta har sai an biya mai dabba. A 1984 kuma ta yi wa masu kayan lambu da 'ya'yan itace irin wannan, bisa sharaɗin kada ajalin biya ya wuce kwana 30. Amana kuwa ba ta shiga cikin dukiyar muflisi, don haka manomi yakan karɓi nasa kafin banki ya miƙa hannu. Bankuna sun ci gaba da ba da rance a can, illa dai sun koyi tambayar mai kanti nawa manoma ke binsa kafin su ba shi.

Mu ma kakanninmu fatake ba su jahilci wannan hatsari ba. A da, a kasuwar shanu ta Ibadan, maigidan da ke saukar da baƙi a unguwar Sabo shi ne ke tsaya wa mahauci lamuni, idan mahauci ya gaza biya, shi ke cika wa mai shanu, domin ya san mutuncinsa da abincinsa duka a kan wannan suke. Watau sun gane cewa wanda ya tsaya tsakanin mai kaya da mai saye, yana cin riba daga tsayuwarsa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin hatsarin. Babban kanti na zamani ya karɓi ribar dillali, ya ajiye wa baƙo nauyin.

Kenya ta farka, ko da yake bayan ɓarna. Kantin Uchumi ya riga ya durƙushe tun 2006, kantin Tuskys ya bi sawun Nakumatt, kotu ta ba da umurnin rushe shi a 2023. An gyara dokar gasar kasuwanci domin jinkirin biya ba da uzuri ba ya zama laifi, hukumar da ke kula da ita ta kafa sashe na musamman, har a watan Disamba na 2023 ta ci kamfanin da ke tafiyar da kantunan Carrefour tarar shilin biliyan 1.1, saboda rangwamen dole da ya ɗora wa masu kawo masa kaya biyu, ɗayansu mai sarrafa zuma ne. Wannan abin yabo ne, domin Shari'a ma ta ƙidaya taurin bashin mawadaci cikin zalunci. Amma tara tana aiki ne a kan kantin da ke da rai. Wanda ya riga ya karye, ba abin da za a ƙwata a wurinsa.

A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta shigo da tsarin naɗa mai kula da kamfanin da ke tangal-tangal, irin wanda aka yi wa Nakumatt, manyan kantuna kuma suna ƙara karɓar shinkafa da ƙwai da kindirmo daga hannun ƙananan masu sana'a a Kano da Kaduna da Abuja. Abin da nake roƙon 'yan majalisa da ƙungiyoyin manoma shi ne su nemi a ƙayyade ajalin biyan kayan da ke saurin lalacewa, kada ya wuce kwana 30, a kuma rubuta a doka cewa kuɗinsu amana ne a hannun mai kanti, su fita kafin jinginar banki.