Taurarin da ke yi wa juna husufi sau takwas a kowace rana

Manya a Anka da Gummi da Bukkuyum ba su manta da hantsin Laraba, 29 ga Maris na 2006 ba, lokacin da wata ya shiga tsakanin rana da duniya, haske ya dusashe a Zamfara. A Gusau ma duhu ne ya rufe na 'yan mintuna, jama'a suka nufi masallatai domin sallar husufi.

Mu a nan sai a yi shekaru ba a ga irinsa ba. Amma can cikin samaniya akwai taurarin da husufi ya zame musu abin kullum.

Fitattu a cikinsu su ne wasu tagwaye da masana ke kira HW Virginis, waɗanda haskensu ke shafe sama da shekara 500 kafin ya iso gare mu. A 1986 ne masu binciken taurari a Afirka ta Kudu suka gano cewa taurari biyu ne ke zagaya juna, suna kammala zagaye cikin awa biyu da minti 48. Duk lokacin da ɗaya ya gifta ta gaban ɗan'uwansa, sai hasken da ake hangowa ya ragu.

Babban cikinsu nauyinsa kusan rabin na rana ne, amma zafin samansa ya kai kimanin digiri 28,000, wato ninki biyar na zafin saman rana. Ƙaramin kuwa jajaja ne, marar haske sosai. Saboda kusancinsu, ɓangarensa da ke fuskantar babban yana gasuwa har ya riƙa sheƙi.

Masana sun ce da can babban ya tsufa ya kumbura har ya haɗiye ƙaramin. Maimakon ya narke, sai ƙaramin ya ci gaba da zagayawa a ciki har ya watsar da lulluɓin iskar da ke kewaye da babban, aka bar ƙwayarsa mai zafi tsirara.

Abin ya shafe mu, domin ita ma rana za ta kumbura nan da kimanin shekara biliyan biyar. Irin waɗannan tagwaye ne ke nuna wa masana abin da ke iya tsira idan tauraro ya haɗiye maƙwabcinsa.

Ido ba ya ganin HW Virginis sai da na'urar hangen nesa. Amma akwai Algol, wanda Larabawa suka raɗa wa suna Ra'asul Ghul. Taurarinsa ba irin waɗancan ba ne, sai dai husufin iri ɗaya ne: duk bayan kwana biyu da awa 21 haskensa kan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya dawo cikin kamar awa goma.

A daren hunturu da ba ƙura, ku duba arewa da Kaza da 'Ya'yanta. Manhajar taurari a wayarku za ta nuna muku inda yake.