Bayani a kan Tsohuwar Ford ta 1932 da Masu Raya Ta

Ka sani, ya kai mai karatu, cewa daga cikin motocin da mutanen Amurka ke girmamawa kamar yadda ake girmama kayan gadon kakanni, babu kamar wata ƙaramar Ford ta shekarar 1932, mai mazaunin mutum biyu, marar gilasan gefe, wadda rufinta na tamfol ne da ake naɗewa idan sama ta yi kyau, irin wadda suke kira rodsta. Asalin martabarta kuwa shi ne, a wannan shekara ce Henry Ford ya fito da inji mai silinda takwas cikin mota mai araha, alhali kafin nan galibi masu hannu da shuni ne ke hawan irinsa. Ƙarfinsa na doki 65 ne, kamfanin kuma bai daina ƙera dangin wannan inji a Amurka ba sai a 1953.

Sai dai injin yana da illa a tsarinsa, domin bawulolinsa suna cikin gangar jikinsa ne a gefen silinda, don haka ba ya shaƙar iska yadda ya kamata, hayaƙi kuma yana ratsa cikinsa kafin ya fita, har ya sa shi yawan zafi. Wannan naƙasa ita ce ta zama makarantar samarin kudancin Kalifoniya, waɗanda suka riƙa sayen motar a gwanjo bayan ta kwana biyu, su kwance madigadi don rage nauyi, su fita da ita busassun tafkunan hamada irin su Muroc da El Mirage, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, su gwada wanda ya fi wani gudu, har suka kafa ƙungiyar auna gudu a 1937. Wani bakanike daga cikinsu, Vic Edelbrock, ya sayi irin wannan mota a 1938, ya ƙera mata mazaunin da ke ɗaukar kafireto biyu na Stromberg 97 maimakon guda, kuma a 1941 ta haura mil 120 a awa. Wasu suka sauya murfin inji da na alminiyon domin a ƙara matse fetur da iska, wasu suka sake wasa sandar da ke buɗe bawul don ya daɗe a buɗe, da yawa daga cikinsu kuma suka ɗauko birkin mai na Ford ta 1939, saboda birkin asali na sandunan ƙarfe ne, wanda duk ya taka shi cikin gudu kuwa ya san darajar addu'a.

To, a nan ne saɓani ya auku tsakanin masu gyaran tsofaffin motoci, har suka kasu mazhaba biyu. Ta farko tana ganin wajibi ne a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, fentinta da kusoshinta, duk wani ƙari kuwa gurɓatawa ne. Ta biyu tana cewa aikin waɗancan samari shi ma tarihi ne, don haka ya halatta a ƙawata motar da kayan ƙara gudu, bisa sharaɗi guda mai tsanani, wato kada a sa mata abin da bakaniken wancan zamani bai taɓa gani ba. Ni dai hujjar ta biyu ta fi kwanta mini, ko da yake wahalarta ta fi yawa, domin mai wannan aiki yakan shekara yana cigiyar kafireto guda na ainihi, yana binciken silsilar hannuwan da ya bi kamar mai tantance isnadi, tun da yanzu ana ƙera sababbin kwaikwayo, har da bodin ƙarfe sukutum, waɗanda sai gwani ke rarrabe su da na asali.

An daɗe manyan masu tara motoci suna yi wa waɗannan rodstoci kallon aikin 'yan tasha, sai a 1997 babban bajekolin Pebble Beach ya ware musu aji nasu, aka jera su a kan ciyawa ɗaya da Rolls-Royce, ba madigadi, alƙalai kuma suna sunkuyawa suna duba lambar da ke jikin kafireto.