Kwamfuta ta mutu, diski a kulle: yaya za a ciro takardun da ke ciki?

Wannan matsala tana yawaita a wajen masu gyaran kwamfuta. Ɗalibi yana tsaka da rubuta memuwar ɗinsa, ko mai hoto yana da hotunan bikin mutane, sai mashin ya ƙi tashi. Mai gyara ya ciro diskin, ya jona shi da wata kwamfuta, sai ta ce a kawo lambobi 48. Mai kaya ya rantse bai taɓa sa wani makulli ba. Kuma gaskiyarsa.

Abin da ya kulle diskin sunansa BitLocker, wani tsari na Microsoft da ya fito tare da Windows Vista. Aikinsa shi ne ya hargitsa duk abin da ke cikin diski, ta yadda wanda ba shi da makulli ba zai ga komi ba sai shirme. Tun daga Windows 11 ta shekarar 2024, wadda ake kira 24H2, kullewar tana tashi da kanta a kan kwamfutoci da dama da zarar an girka sabuwar Windows aka shiga da asusun Microsoft. Makullin yana ɓoye cikin wani ɗan ƙaramin guntu mai suna TPM da ke manne a jikin babban allon mashin. Shi ke buɗe diskin kullum ba tare da kun sani ba. In allon ya ƙone, ko aka kai diskin wani mashin, to an rabu da TPM kenan. Lambar sirrin da kuke bugawa kullum wajen shiga Windows ba za ta buɗe shi ba.

Sai lambobin nan 48, rukuni 8, kowane da lamba 6. Galibi suna ajiye cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi. Ko da salula ana iya shiga asusun, a duba sashen na'urori, a same su. Matsalarmu a nan, sau da yawa mai saidawa ko wani yaron gida ne ya buɗe asusun da adireshinsa, an ma manta wane ne.

In lambobin suna hannu, sauran aiki ba wuya. Ba dole sai da Windows ba. Mai gyara zai iya sa Ubuntu, wani nau'in Linux na kyauta, a kan kile, ya tada kwamfuta da shi ba tare da ya taɓa diskin ba. Akwai manhajoji biyu da suka san yaren BitLocker: dislocker, da kuma cryptsetup, wanda ya fara buɗe irin wannan diski tun fitowarsa ta 2.3 a 2020. A ba su lambobin, diski ya buɗe. Shawararmu, a buɗe shi don karatu kawai, a kwashe takardu zuwa wani diski, sannan a yi maganar gyara. Mac kuwa ba ta buɗe BitLocker da kanta, sai an ƙara mata wata manhaja. Masu yawo da diski tsakanin Windows, Mac da Linux, VeraCrypt ya fi musu sauƙi, don yana aiki a dukansu.

To in babu lambobin fa? Nan ne za mu faɗa muku gaskiya: wanda ya ce ku ba shi jikka kaza zai fasa, ku riƙe kuɗinku. Ko manyan kamfanonin duniya, ranar 19 ga Yuli 2024 da matsalar CrowdStrike ta tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi, da yawansu sai da suka nemo lambobin nan kafin su gyara mashinansu. Kwamfutocin gwanjo da ke fitowa daga ma'aikatun Turai ma, in suka zo a kulle, makullin yana can wajen ma'aikatar. Sai dai a share diskin a sake girkawa.

Kuma don Allah, kar ku bari a yi wa diskinku formataj da sunan gwaji kafin ku gama neman lambobin. Wanda kwamfutarsa ke aiki yau, ya shiga asusunsa ya kwafe su a takarda, ya ajiye tare da takardun haihuwa, ba cikin jakar kwamfutar ba.