Yadda Kayan Gona Ke Ƙetare Teku

Ya kamata Hakimai da malamansu su san hanyar da riɗi da zoɓo ke bi bayan sun bar ƙasar Miga, domin talakawa sukan yi ƙorafi a kan yadda masu saye ke tsanantawa wajen bushewar kaya.

A da gyaɗa ce ke wannan tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930 ta Malam Madori, aka riƙa kwasar buhuna zuwa Apapa a Ikko, ana loda su cikin jirgin ruwa. A 1956 wani Ba'amurke, Malcom McLean, ya fara jigila da manyan akwatunan ƙarfe, watau kwantena. Tsawonta ƙafa 20 ne ko 40, ƙaramar kuwa tana cin riɗi wajen tan 19. In an cika ta, ma'aikatan kwastan sun duba, sai a rufe a buga hatimi.

Da kaya sun hau jirgi, kamfanin jirgi zai ba da takardar lodi. Wannan ba rasit kaɗai ba ce. Ita ce shaidar yarjejeniyar ɗauka, kuma galibi wanda ke riƙe da ita shi ake miƙa wa kaya a can. Saboda haka akan bi da ita ta banki, mai saye ba ya samun ta sai ya biya ko ya ɗauki alkawarin biya.

Ciniki iri biyu suka fi shahara. A na farko iyakar mai sayarwa ya ɗora kaya a jirgi. A na biyu har kuɗin jirgi da inshora shi ke biya. A duka biyun, hasarar cikin teku tana wuyan mai saye.

To, amma ba kowace hasara ce ta teku ba. Riɗin da za shi Japan yakan yi makonni a rufe, ƙarfe ya yi zafi da rana, ya yi gumi da dare. In an ɗaure shi da sauran laima, sai ya yi fumfuna, inshora kuwa ba ta biyan aibin da kaya suka taso da shi daga gida. Mai saye ya ƙi karɓa, kuɗin ajiya na hauhawa kullum a tasha, ɗan kasuwa kuma ya dawo Miga baɗi da farashi mai rauni.